Koci da Babban Manaja: Yadda Ake Auna Aikinsu a Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa, da Misalai daga Arewacin Gana

1. Gabatarwa

Salaga da Yendi da Bawku garuruwa ne uku da ke arewacin ƙasar Gana, kuma dukkansu suna da daɗaɗɗiyar alaƙa da Hausawa. Salaga ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda fatake daga Kano da Katsina suka riƙa zuwa sayen goro har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin. Yendi, mazaunin Ya Na, sarkin Dagomba, zango ce a kan hanyar ayari. Bawku kuwa tana can kusurwar arewa maso gabas, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, kuma Hausa ce harshen da ƙabilu daban-daban ke haɗuwa a kansa a kasuwarta.

Wanda ya zauna wurin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo a ɗaya daga cikin garuruwan nan da yammacin Lahadi, zai ji ana muhawara a kan ƙungiyoyi irin su Real Tamale United, wadda ake taƙaita sunanta RTU, da Asante Kotoko ta Kumasi, da Hearts of Oak ta Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. Duk ranar da ƙungiya ta sha kashi, maganar da ta fi fitowa daga bakin magoya baya ita ce: "A kori koci!" Ba kasafai ake jin an ambaci mutumin da ya ɗauko kocin, ya sayo masa 'yan wasa, kuma yake biyansu albashi ba.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan mutanen nan biyu, wato koci da babban manaja. Za ta nuna aikin kowannensu, da irin ma'aunin da ya dace a auna shi da shi, sannan ta kawo misalai daga Gana da Najeriya da Ingila. Batun yana da muhimmanci, domin hukuncin da aka yanke bisa kuskure yakan raba mutum da abincinsa, ya kuma bar ƙungiya da ciwon da ke damunta ba tare da magani ba.

2. Kalmomin da ake amfani da su

Kafin a shiga bayani, yana da kyau ɗalibi ya san kalmomin wannan fage. Kalmar "koci" ta aro ce daga Turanci, kuma ita ce aka fi ji a bakin jama'a. Wasu kan ce "kociya". A labaran rediyo ana yawan cewa "mai horarwa" ko "mai horar da 'yan wasa", daga kalmar "horo", wadda asalinta ke nufin tarbiyya da ladabtarwa. A lura da wannan ma'ana ta asali, domin tana nuna cewa aikin ya haɗa da gyaran hali, ba koyar da bugun ƙwallo kaɗai ba.

"Manaja" ma kalmar aro ce, jam'inta "manajoji". Babban manaja shi ne mai tafiyar da harkokin ƙungiya na yau da kullum a madadin masu ita. A Najeriya ana ce masa "janar manaja". A manyan ƙungiyoyin Gana kuwa an fi kiran mai irin wannan muƙami shugaban gudanarwa. Akwai wani ruɗani da ya kamata a kiyaye: a Ingila, mutumin da ake kira manaja shi ne kocin kansa. A wannan takarda, duk inda aka ce manaja, ana nufin mai ofis.

Sauran kalmomin su ne "kakar wasa", wato tsawon lokacin da gasa ke ɗauka daga farkonta zuwa ƙarshenta; "maki", wanda ake ba da uku ga wanda ya ci wasa da ɗaya ga kowane ɓangare in an yi "kunnen doki" ko "canjaras"; da "faɗawa", wato saukar ƙungiya daga babbar gasa zuwa rukunin da ke ƙasa.

3. Madugu da jagaba: rabon aiki

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar rabon aikin nan ita ce a tuna da ayarin fataken Gwanja. Madugu shi ne shugaban tafiya. Shi ke tsara ranar tashi, ya san yawan jakuna da guzuri, ya kuma sasanta da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu a kan kuɗin hanya. Jagaba kuwa shi ke gaba, ya san mashigin kogi, ya san inda za a yada zango. Idan ayari ya ɓata hanya, jagaba za a tambaya. Idan guzuri ya ƙare tun ba a isa Yendi ba, wannan kuma maganar madugu ce. Babban manaja shi ne madugun ƙungiyar ƙwallo, koci kuma jagabanta.

Ayyukan koci sun haɗa da shirya atisaye a kowace rana, da zaɓen mutum 11 da za su fara wasa, da tsara yadda za a tsaya a baya da tsakiya da gaba, da canjin 'yan wasa idan wasa ya rikice, da kuma kula da ladabi a sansani. Ayyukan manaja kuwa sun haɗa da neman kuɗi, da tsara yadda za a kashe su, da ɗaukar koci, da ƙulla kwantiragi da 'yan wasa, da yi musu rajista a hukumar ƙwallo kafin wa'adi ya cika, da biyan albashi da alawus, da shirya mota da masauki, da tsaron filin wasa.

Akwai wuri ɗaya da ayyukan biyu ke haɗuwa, kuma nan ne rigima ta fi tashi: sayen 'yan wasa. Koci ne ya san irin ɗan wasan da yake buƙata, amma manaja ne ke riƙe da jakar kuɗi. A wasu ƙungiyoyin koci ke ba da suna, manaja ya yi ciniki. A wasu kuma sai dai koci ya wayi gari ya ga an kawo masa yaran da bai taɓa gani ba. Don haka tambaya ta farko da mai son yin adalci zai yi ita ce: a wannan ƙungiya, wa ke da ta cewa a kan me?

4. Ma'aunin aikin koci

4.1 Maki da kayan aiki

Gasar firimiya ta Gana tana da ƙungiyoyi 18. Kowace tana buga wasa 34 a kaka, 17 a gida, 17 a waje, kuma uku na ƙarshe ne ke faɗawa. Teburin maki shi ne abu na farko da kowa ke dubawa, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa. A ɗauki misalin ƙungiyoyi biyu da suka gama kaka da maki 45 kowace. Ta farko ita ce ta fi kowa biyan albashi mai tsoka, ta biyu kuma da kyar take sayen man motar zuwa wasa. Maki ɗaya ne, amma kocin farko ya gaza, na biyu kuwa ya yi abin yabo.

Masanin tattalin arziki Stefan Szymanski da ɗan jarida Simon Kuper sun nuna a littafinsu na 2009 cewa, idan aka duba shekaru masu yawa a gasannin Ingila, yawan albashin da ƙungiya ke biya shi ke bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayi a teburi. Dalilin a fili yake: mai kuɗi shi ke sayen gwanaye. Abin da wannan ke nufi shi ne, ana auna koci da tazarar da ke tsakanin matsayin da kayan aikinsa suka cancanta da matsayin da ya kai ƙungiyar.

4.2 Sa'a da lokaci

Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa a cikinsa ba. Ƙwallo ɗaya da ta daki turke ta dawo, ko fenariti ɗaya da alƙalin wasa ya hana, na iya juya sakamako. Saboda haka wasa uku ko huɗu ba su isa a gane gwanintar koci ko kasawarsa ba. Hearts of Oak ta sallami Samuel Boadu a watan Satumba na 2022, bayan wasanni uku kacal na sabuwar kaka. Shi ne kuwa ya ci mata gasar firimiya a 2021, karo na farko tun 2009, ya haɗa da kofin ƙalubale a 2021 da 2022. Gaskiya ne bai kare kambun gasar ba a kakar da ta gabata, kuma masu goyon bayan korar suna da wannan hujja. Duk da haka, ƙungiyar ba ta koma matsayin da ya kai ta ba a kakanni biyu da suka biyo baya.

A ɗaya ɓangaren, Alex Ferguson ya kama aiki a Manchester United a watan Nuwamba na 1986, bai ci kofi ba sai 1990, bai kuma ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da an yi masa hukunci da shekarunsa uku na farko, da tarihin ƙungiyar ya zama daban. Wannan ba ya nufin kowane koci zai zama Ferguson in an yi masa haƙuri. Abin da yake nunawa shi ne akwai buƙatar isasshen lokaci kafin a raba aiki da sa'a.

4.3 Abin da ido ke gani a fili

Akwai alamomin da ba sa fitowa a teburi, amma mai lura yana ganinsu. Shin 'yan wasa sun san inda kowa zai tsaya idan aka ƙwace musu ƙwallo? Suna yawan shan ƙwallo daga bugun kwana, abin da ake gyarawa a wurin atisaye? Suna gajiya tun minti 70? Idan aka tafi hutun rabin lokaci ana cin su, sukan dawo da wata dabara, ko kuwa yadda aka tafi haka ake dawowa? Yawan jan kati ma alama ce, domin yana nuna rashin horo. Ƙungiyar da ke ƙirƙirar damammaki masu kyau tana ɓararwa, ta fi kusa da samun sauƙi a kan wadda ke cin wasa da ƙwallo ɗaya ta tsautsayi.

4.4 Ci gaban 'yan wasa

Ma'auni na huɗu shi ne ko yaran da aka damƙa wa koci sun ƙaru a hannunsa. Wannan yana da muhimmanci musamman a arewacin Gana, inda ake da yara masu basira amma kuɗi ba su da yawa. Abedi Pele yana ɗan wasan RTU ne lokacin da ya shiga tawagar Gana da ta ci kofin Afirka a Libiya a 1982, daga baya ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, daga 1991 zuwa 1993. Abdul Fatawu Issahaku ya fito ne daga Steadfast ta Tamale, aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021, sannan ya koma Sporting ta Fotugal a 2022. Kocin da ya mai da ɗanyen yaro ɗan wasan da ake nema a waje ya kawo wa ƙungiya arziki, ko da bai ɗaga kofi ba.

5. Ma'aunin aikin babban manaja

Aikin manaja ya fi wuyar aunawa, saboda yawancinsa a bayan fage ake yin sa, kuma sakamakonsa ba ya bayyana sai bayan shekaru. Ga abubuwa biyar da ake dubawa.

Na farko, biyan haƙƙi a kan lokaci. Ɗan wasan da ya bar iyali babu cefane ba zai sa ƙafarsa inda za ta karye ba, komai iya maganar koci. Wannan shi ne tushen sauran duka.

Na biyu, ciniki. Ana duba 'yan wasan da aka sayo, da kuɗin da aka biya, da amfanin da suka yi, da kuma abin da aka samu da aka sayar da su. Ba a yanke hukunci da ɗan wasa ɗaya, domin kowane manaja yakan yi asara wani lokaci. Jimillar shekara uku ko huɗu ake dubawa. Leicester ta Ingila misali ce. Ta ci gasar firimiya a 2016 a ƙarƙashin Claudio Ranieri, amma Jamie Vardy da Riyad Mahrez sun riga shi zuwa ƙungiyar, kuma sashen neman 'yan wasa da Steve Walsh ke jagoranta ne ya gano su a ƙananan ƙungiyoyi, kamar yadda ya gano N'Golo Kanté. A watan Yuli na 2016 Kanté ya koma Chelsea, Walsh kuma ya koma Everton. Ƙungiyar ta rikice, sai aka kori Ranieri a watan Fabrairu na 2017, wata tara bayan ya ɗaga kofi.

Na uku, zaɓen koci. Manajan da ya kori koci huɗu cikin shekara biyu ya ba da shaida a kan kansa, domin shi ne ya zaɓo su duka huɗun. Ko dai bai iya zaɓe ba, ko kuma matsalar ba ta koci ba ce.

Na huɗu, kiyaye doka da tsaro. Rajistar 'yan wasa, da cika sharuɗɗan lasisi, da hana magoya baya shiga fili, duk nauyin ofis ne. Maki ukun da hukuma ta cire wa ƙungiya saboda rikici daidai suke da maki ukun da aka rasa a fili, sai dai waɗannan ba koci ne ya zubar da su ba.

Na biyar, tanadin gobe: neman kamfanonin da za su ɗauki nauyi, da kafa ƙungiyar yara, da gyaran filin atisaye. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manajan da sai an fara kaka yake neman kuɗin mota, ya makara.

6. Misalai huɗu

6.1 Real Tamale United

An kafa RTU a 1976, kuma ta daɗe tana matsayin ƙungiyar da mutanen arewa, daga Salaga har Bawku, suke ɗauka tasu. Ta faɗa daga gasar firimiya a 2013, ta shafe shekara takwas a rukuni na ɗaya, sannan ta dawo a 2021 a ƙarƙashin koci Shaibu Ibrahim Tanko. Duk mai auna aikin kocinta dole ya sa nisan tafiya a lissafi. Daga Tamale zuwa Accra kimanin kilomita 600 ne, kuma lokacin da take gasar firimiya yawancin abokan karawarta suna tsakiya da kudancin ƙasar. Ma'ana, a lokacin ta riƙa kashe kuɗin mota da masauki fiye da yawancin takwarorinta, 'yan wasanta kuma suka riƙa isa fili da gajiyar hanya.

A kakar 2023/2024 ƙungiyar ta sake faɗawa. A watan Yuni na 2024, dab da ƙarshen kakar, Dreams ta lallasa ta da ci 8 da 1. Wanda ya ga wannan sakamako kawai zai ce kocin bai san aikinsa ba. Amma kafofin watsa labarai na Gana sun ruwaito cewa 'yan wasan ƙungiyar sun ƙaurace wa wasan ne saboda bashin albashi, aka kuma sa wasu daban a madadinsu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Gana ta tuhumi ƙungiyar da sa 'yan wasan da ba su da rajista. Ruwa ba ya tsami banza. Matsalolin biyu, albashi da rajista, duka suna cikin jerin ayyukan ofis da aka kawo a sashe na 3.

A nan ma akwai buƙatar adalci ga manaja. Idan masu ƙungiya ba su ba shi kuɗi ba, kuma kuɗin ƙofa ba su taka kara sun karya ba, ba zai ƙirƙiro su ba. Abin da za a tambaye shi shi ne ko ya ɗauki alkawarin da ya san ba zai iya cikawa ba, da kuma ko ya faɗa wa masu ƙungiya gaskiya tun da wuri.

6.2 Wa All Stars

A 2016 Wa All Stars ta zama ƙungiya ta farko daga arewacin Gana da ta ci gasar firimiya, a ƙarƙashin koci Enos Adepah. Idan aka yi amfani da ma'aunin sashe na 4.1, wannan babban aiki ne, domin ƙaramar ƙungiya ce ta sha gaban Kotoko da Hearts. Mai ƙungiyar, Kwesi Nyantakyi, shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasar a lokacin. Ya sauka daga wannan muƙami a 2018, aka sayar da ƙungiyar, kuma a 2019 sababbin masu ita suka mai da ta Accra suka sa mata suna Legon Cities. Arewa ta rasa zakararta ba tare da an ci ta a fili ba. Wannan yana nuna akwai hawa na uku a saman koci da manaja, wato masu ƙungiya, kuma shawararsu kan rinjayi ta kowa.

6.3 Asante Kotoko

Misalin Kotoko yana da amfani saboda koci ɗaya ne ya yi aiki sau biyu a yanayi daban-daban. An naɗa Nana Yaw Amponsah shugaban gudanarwa a 2020. A 2021 aka ɗauko Prosper Narteh Ogum, aka kuma kawo ɗan wasan gaba Franck Etouga daga Kamaru, wanda ya ci ƙwallo 21 a gasar. Kotoko ta zama zakara a 2022. Ba a jima da bikin ba Ogum ya ajiye aiki, jaridu kuma suka danganta hakan da saɓani tsakaninsa da shugabanni. Aka kawo Seydou Zerbo daga Burkina Faso, aka fitar da ƙungiyar tun zagayen farko na gasar zakarun Afirka, shi ma bai ƙarasa kakar ba.

A 2023 Asantehene Otumfuo Osei Tutu II, uban ƙungiyar, ya kafa kwamitin riƙon ƙwarya, ya dawo da Ogum. Da koci shi kaɗai ne sirrin nasarar 2022, da an sake ganinta. Ba haka ta kasance ba: zuwansa na biyu bai kawo kofin gasar ba, aka rabu da shi a 2025. Ofis ba tare da kocin ba ya kasa, kocin ma a sabon tsari bai maimaita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6.4 Kano Pillars

A Najeriya yawancin manyan ƙungiyoyi mallakar gwamnatocin jihohi ne, gwamnati ce kuma ke naɗa shugabanninsu. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a hannun koci uku: Kadiri Ikhana, da Mohammed Baba Ganaru, da Okey Emordi. Idan ƙungiya ta ci gaba da cin kofi alhali ana canza koci, alama ce ta cewa ginshiƙin yana wajen tsari da 'yan wasan da aka tara. A 2022 kuwa ta faɗa, a kakar da hukumar gasa ta cire mata maki saboda rikicin da ya auku a filinta. Ta dawo a 2023.

A watan Yuli na 2025 an naɗa Ahmed Musa janar manajan ƙungiyar alhali yana cikin 'yan wasanta. Wannan ya kawo wata tambaya mai ban sha'awa ga masu nazari. A ranar wasa, koci ne ke da ikon sa shi ko ajiye shi a benci. A ofis kuwa, shi ne shugaban kocin. Duk inda muƙamai suka cuɗanya haka, gane wanda ya cancanci yabo ko zargi yakan ƙara wuya.

7. Kura-kuran da ake yawan yi wajen hukunci

Kuskure na farko shi ne ɗauka cewa sabon koci ne ya kawo sauƙi. Akasari ana korar koci ne lokacin da ƙungiya ta kai maƙurar rashin sa'a, bayan ta sha kashi sau huɗu ko biyar a jere. Irin wannan yanayi ba ya ɗorewa: masu rauni sukan warke, a haɗu da abokan karawa masu sauƙi, sakamako ya koma daidai da ainihin ƙarfin ƙungiyar. Masanin tattalin arziki Bas ter Weel ya bincika gasar ƙasar Holan a wani nazari da ya fito a 2011. Ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan hali amma suka yi haƙuri, ya ga duka sun farfaɗo kusan daidai wa daida. Abin ya yi kama da mai mura da ya sha magani a rana ta shida, ya warke a ta bakwai, ya ce maganin ne.

Kuskure na biyu shi ne auna shawara da sakamakonta kawai. Koci zai iya yin canjin da ya dace a ci shi, ya kuma yi na ganganci ya dace. Haka manaja zai iya sayo ɗan wasa lafiyayye da farashi mai kyau, ya karye a wasansa na biyu. Tambayar da ta dace ita ce: da abin da aka sani a ranar da aka yanke shawarar, tana da ma'ana?

Kuskure na uku shi ne ɗora laifi a kan wanda aka fi gani. Koci yana bakin layi na tsawon minti 90, kyamara na kansa, shi ke amsa tambayoyin 'yan jarida bayan wasa. Korarsa kuma ta fi arha a kan canza 'yan wasa 25, tana kuma kwantar da hankalin magoya baya na ɗan lokaci. Sau da yawa wanda ke sa hannu a takardar korar shi ne wanda ya kamata a fara bincika.

Kuskure na huɗu kishiyar na uku ne, wato wanke koci daga kowane laifi da sunan rashin kuɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai kocin da aka ba shi duk abin da ya nema, aka ba shi lokaci, amma 'yan wasa suka lalace a hannunsa, ko ya raba kansu da son kai. Irin wannan, sallamarsa gyara ce.

8. Kammalawa

An ga cewa koci da babban manaja suna da aiki daban-daban, don haka ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. Ana auna koci da abin da ya yi da kayan da aka ba shi, a cikin lokacin da ya isa a raba gwaninta da sa'a. Ana auna manaja da ingancin kayan da ya samar, da biyan haƙƙi, da kiyaye doka, da halin da zai bar ƙungiya a ciki bayan shekaru. Sama da su biyun kuma akwai masu ƙungiya, waɗanda su ne ke zaɓen manajan.

Mai goyon bayan RTU a Salaga ko Yendi ko Bawku ba ya ganin littafin kuɗin ƙungiya, amma yana iya yin tambayoyi uku kafin ya nemi a kori wani: An biya 'yan wasa? Wa ya kawo su? Wasa nawa kocin ya jagoranta? Amsar waɗannan takan nuna ko jagaba ne ya ɓatar da ayari, ko kuwa tun daga gida aka taso babu guzuri.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Bayyana bambancin ma'anar kalmar "manaja" a Ingila da yadda aka yi amfani da ita a wannan takarda.
2. Ta yaya aikin madugu da na jagaba suka yi kama da na babban manaja da koci? Akwai inda kwatancen bai dace ba?
3. Me ya sa teburin maki kaɗai bai isa a auna koci da shi ba?
4. Nemo karin magana huɗu da aka yi amfani da su a takardar, ka bayyana ma'anar kowanne da dalilin kawo shi a inda aka kawo shi.
5. Rubuta sakin layi biyu a kan wata ƙungiya da ka sani wadda ta kori kocinta, ka faɗi ko an yi masa adalci bisa ma'aunan da aka kawo a sashe na 4.